Yadda Za Ka Saka Wa Surukinka Sabon Dirayib Ya Daina Kiran Ka Mai Fanka

Albishirinka, ɗan'uwa! Ka zo inda ya dace. Idan ka bi matakan nan goma sha ɗaya bi da bi, ba ka tsallake ko guda ba, na yi maka alkawari cikin kwana shida surukinka zai buɗe baki a gaban jama'a ya kira ka injiniya. Ba wataƙila ba, ba in an yi sa'a ba. An gwada hanyar nan a kan mutum guda, ta yi aiki ɗari bisa ɗari, kuma mutumin yana nan da ransa, yatsunsa goma cif.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa. Na farko, suruki mai ƙaramar masana'antar sabulu, wanda shekara huɗu da aurenka da 'yarsa bai taɓa kiran ka da wani suna ba sai Mai Fanka, saboda ranar da ya fara ganin ka kana saman tsani ne a falonsa da fiffiken fanka a hammata. Na biyu, mata mai yarda da kai fiye da yadda ka yarda da kanka. Na uku, takardar kwas ɗin wata uku na haɗa fanel, a cikin gilashi. Na huɗu, injin yanka sabulu da ya tsaya cak. In akwai wanda ba ka da shi a ciki, je ka nemo, ina nan ina jiran ka.

Mataki na 1: Bari matarka ta tsunduma ka

Kada ka nemi aikin da bakinka, wannan zubar da aji ne. Ka je cin abincin rana gidan surukai ranar Lahadi, ka zauna a kujerar ƙarshe yadda ka saba, ka sunkuyar da kai. Can surukinka zai ture faranti ya ce:

"Kwana uku ke nan injin yanka yana tsaye. Dirayib ya ƙone ƙurmus. Waɗanda suka kafa shi sun ce sai nan da mako biyar mutuminsu zai samu zuwa. Mako biyar! Da haƙori zan riƙa yanka sabulun?"

A nan matarka za ta ajiye cokali. Ka san irin wannan ajiye cokalin. Ka lalubi ƙafarta a ƙarƙashin tebur don ka taka, ba za ka same ta ba, ta riga ta janye.

"Baba, ai ga mai aikin nan a zaune. Abin da ya karanta ke nan."

"Wa? Mai Fanka?"

"Haba Baba. Ya bar fanka tun bara. Yanzu fanel yake haɗawa, manya-manya."

Fanel guda ka taɓa haɗawa, a aji, ku bakwai, kuma kai ne mai riƙe tocila. Kada ka kawo wannan zancen. Surukinka zai dube ka daga hula har takalmi, ya ce:

"To. Ranar Asabar motar masu saye za ta zo ɗaukar kaya. In injin nan ya tashi kafin nan, ni da bakina zan kira shi injiniya a gaban ma'aikata, kowa ya ji."

Ka ce, "In sha Allahu, Baba," da muryar wanda ya gaji da irin waɗannan ƙananan ayyuka. A hanyar gida matarka za ta ce, "Wallahi na gaji da jin sunan nan a bakinsa. Ka fitar da ni kunya, ka ji?" Daga nan babu ja da baya.

Mataki na 2: Haddace kalma huɗu

Sarbo dirayib wani ɗan akwati ne da bai fi bulon burodi biyu ba. Yana zaune a cikin fanel, wato kabad ɗin ƙarfen nan mai cike da wayoyi da ke jingine da bango kusa da injin. Aikinsa ba moto umarni: juya, tsaya, ƙara kaɗan, dawo. Shi kuma moton yana da ido a ƙeya, ana ce masa enkoda, wanda ke kai wa dirayib rahoton inda aka kwana sau dubbai kafin ka ƙifta ido. A masana'antar surukinka sabulu yana fitowa ne dogo kamar sanda, moto ya tura shi gaba, wuƙa ta sauko ta sare. In dirayib yana cikin hayyacinsa, kowane sabulu zai fito daidai da ɗan'uwansa.

Kalmominka su ne dirayib, moto, enkoda, sai kuma tok, wato ƙarfin murɗawa. Wannan ta ƙarshen ita ce garkuwarka. Duk wanda ya tambaye ka wani abu, ka ja dogon numfashi ka ce, "Matsalar tok ce." Bincikena ya nuna mutum ba ya maimaita tambaya in yana tsoron a gane bai fahimci amsar farko ba.

Mataki na 3: Gaida Inna, amma kada ku haɗa ido

Da ka shiga masana'antar ranar Litinin za ka tarar da wata dattijuwa zaune a kan kifaffen bokiti, tana fuskantar injin kamar mai jinya. Ita ce ke tuƙa shi shekara goma sha tara. Kowa Inna yake ce mata, har surukinka. Da kunne take sanin lafiyar injin, daga bakin ƙofa tana iya gaya maka wuƙa ta dakushe.

Ka sani surukinka ya riga ya yanke hukunci cewa ita ta ƙona dirayib, wai ta cika wa injin gudu. Ya kuma faɗa a gaban kowa, in abin ya sake faruwa a hannunta, ta ajiye makulli ta tafi gida ta huta. Wannan ba matsalarka ba ce. Maimaita a ranka sau uku.

"Sannu da zuwa, ɗana. Kai aka turo?"

"Ni ne, Inna."

"To, Allah ya ba da sa'a. Ka tuna wata uku da suka wuce, da ka biyo kawo wa Baba saƙo, na ce maka 'yar fankar da ke jikin ƙofar akwatin nan tana kuka?"

Ba ka tuna ba. Ka dage a kan haka. Ba ka tuna ta riƙo hannun rigarka ta kai ka wurin ba. Ba ka tuna ka ji kukan da kunnenka ba, ƙiii, ƙiii, irin na boris da ya bushe. Ba ka kuma tuna ka gyara wuyan riga ka ce mata, "Inna, ni fa na bar fanka," ka wuce abinka ba.

Ka ce, "Wannan matsalar tok ce, Inna." Za ta ce, "Tooo," ta ja shi har sai ka kai bakin fanel.

Mataki na 4: Zaɓi dirayib kamar wanda ya saba

A jikin moton akwai ɗan allon ƙarfe. Sabulun shekaru ya daskare a kansa, sai ka kankare da bakin sukundireba. A nan aka rubuta wutar da moton ke ci, gudunsa, ƙarfinsa da irin enkodarsa. Ƙa'idar zaɓe ba ta da wuya. Dirayib ya iya ɗaukar wutar da moto ke ja yau da kullum, ya kuma iya ɗaukar wadda yake fizga lokacin da ya zabura. Ya dace da wutar da ke shigowa ginin. Sannan su ji yaren juna da enkoda da kuma ƙwaƙwalwar injin, don in ba sa jin juna, ka sayo ado ne kawai.

Ka ɗauki hoton allon da wayarka, ka nufi shagon kayan masana'antu. Mai shago zai tarbe ka da, "Injiniya, barka da zuwa!" Daɗi zai ratsa ka har tafin ƙafa. Bar shi ya ratsa, amma ka sani matar da ta shigo bayanka sayen ƙwan fitila ita ma injiniya zai ce mata.

"Wace irin enkoda ce a moton?"

Ka buɗe hoton da isa. Babban yatsanka ya rufe daidai wannan layin. Ka ce kana da wani taro, ka koma masana'anta, ka sake ɗauka. A zuwa na biyu zai tambayi yaren ƙwaƙwalwar injin, ka sake tuna wani taron. A zuwa na uku ne za ku yi maganar arziki.

Zuciyarka za ta ja ka wajen wani ƙaton dirayib da ke kusurwa, mai girman firji. Danne ta. Ka ɗauki wanda lambobinsa suka dace da na allon, da 'yar rata kaɗan a sama.

"Rasistar birki fa?" in ji mai shago. "Injin da ke tsayawa da tashi haka, sai da inda zai zubar da rarar wuta."

"Ita ma sa mini."

"Wace iri?"

"Wadda ka san zan zaɓa."

Zai naɗe maka kaya, ya ƙara da cewa, "Fankar fanel ɗin dai lafiyarta ƙalau ko? Waɗannan sababbin ba sa shiri da zafi."

Ka ja da baya taki guda, ka ɗaure fuska, ka ce, "Malam, na yi maka kama da mai fanka?" Zai ba ka haƙuri. Ka karɓa da ƙyar.

Mataki na 5: Yi awo a gaban mutane

Awo shi ne rabin kwarjinin injiniya. Ka zaro tef da ƙara, ka sake shi ya koma da ƙara, ka maƙala fensir a kunne. Ka auna tsayin gurbin, ka auna faɗinsa, ka bar tazarar tafin hannu a sama da ƙasa don iska ta samu hanya. Ka nemo wa rasistar birki wuri can sama, nesa da komai, don zafi take yi.

Zurfin fanel kuwa, daga bayansa zuwa ƙofa, kada ka ɓata lokacinka a kai. Auna zurfi aikin masu haƙa rijiya ne.

Mataki na 6: Kashe wuta, kulle, ka jira

Nan kaɗai ne ba na wasa, don haka ka gyara zama. Ka kashe babbar wuta, ka sa kwaɗo, ka jefa makullin a aljihunka. Sannan ka jira minti goma cur, domin dirayib yana ɓoye wuta a cikinsa bayan an kashe, ko da ya ƙone. Ka sa mita ka tabbatar babu saura kafin yatsanka ya taɓa komai. Mutumin da aka gwada hanyar nan a kansa ya tsallake abubuwa da yawa, amma bai tsallake wannan ba, shi ya sa yatsunsa suke goma.

To, mu koma. Minti goman nan kada ka bar su su tafi a banza. Ka tsaya gaban fanel, hannaye a baya, kana gyaɗa kai a hankali. Ma'aikata za su riƙa wucewa da sanɗa don kada su katse maka tunani, alhali tunanin abincin rana kake.

In za ka huda sababbin ramuka, ka rufe duk kayan da ke ƙasa da ƙyalle, don ɓurɓushin ƙarfe guda in ya faɗa cikin dirayib, an gama. In ba ka zo da ƙyalle ba, sabuwar rigar da matarka ta goge maka da safe za ta yi. Ka kankare fenti a inda wayar ƙasa mai hana jan wuta za ta zauna, ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Ka ɗaure dirayib tsaye, ka ja baya ka kalle shi. Kai, ya yi kyau! Baƙi wul, da ɗan gilashinsa a goshi.

Abu guda: 'yar fankar nan tana jikin ƙofar fanel, daidai kunnenka na hagu. Ka tura ƙofar har ta jingina da bango, ka juya mata ƙeya. Ma'aikata goma sha biyu suna kallon ka. In aka ga ka ko leƙa ta, sunan ya dawo ke nan.

Mataki na 7: Jera wayoyi su yi kyau a hoto

Wayoyi iri biyu ne ke zuwa moto. Akwai masu kauri da ke kai wuta, akwai siririya guda ta enkoda da ke dawo da rahoto. Ka haɗa su duka wuri guda, ka ɗaure su tamau da 'yan igiyoyin roba, tazara daidai da daidai. Ka ɗauki hoto ka tura wa matarka. Za ta tura wa 'yan'uwanta mata, su kuma su tura wa mazajensu don su ji haushi.

Ka cire bel ɗin da ke haɗa moto da injin tukuna, moto ya juya shi kaɗai, ka gwada jan maɓallin tsayawar gaggawa ka ga yana aiki. Sannan ka kunna. Moton zai fara karkarwa, ya yi gaba, ya fasa, ya dawo, ya riƙa gurnani kamar mai zazzaɓi. Hayaniyar manyan wayoyi ce ta cika wa siririyar kunne, rahoton da take kaiwa duk ya zama shirme. Kai ba ka san haka ba tukuna, don haka ka ce tok ne.

Inna za ta taso daga kan bokiti ta leƙo.

"Ɗana, a wancan na da, siririyar nan ta can gefe take bi ita kaɗai. Ba ta shiri da masu kaurin nan."

"Na sani, Inna. Gwada shi nake na ga haƙurinsa."

"Allah sarki. To ya nuna."

Ka yanke igiyoyin nan arba'in da ka ɗaura, ka raba hanya, ka ɗaure rigar kariyar siririyar wayar a jikin ƙarfe. Moton zai yi tsit, ya juya sumul. Baya zai juya, amma wannan lamba guda ce a saiti, kuma ba kowa ya lura ba sai Inna.

Mataki na 8: Idan ƙofa ta ƙi rufuwa

Za ta ƙi. Filogin da ke goshin dirayib ya turo waje da yatsa biyu, ƙofa tana zuwa ta dungure shi ta dawo. Kada ka tuna da mataki na biyar, abin da ya wuce ya wuce.

Ka kira mai shago a ɓoye, ya ce akwai filogi mai lanƙwasasshen wuya, zai iso ranar Asabar da safe. Ka juyo ka sanar da ma'aikata cewa sabon dirayib yana buƙatar kwana uku ƙofa a buɗe, don ya saba da muhalli. Wani zai ce lallai ya taɓa jin haka. Kullum akwai mai cewa ya taɓa jin haka, Allah ya yi masa albarka.

Duk gwajin da za ka yi daga yanzu, ƙofa a buɗe za ka yi shi, iskar taga tana kaɗa dirayib, yana aiki cikin sanyi da annashuwa.

Mataki na 9: Saiti, wato ranar ruwan sabulu

Ka mayar da bel. Yanzu sai ka gaya wa dirayib juyi nawa ne tsawon sabulu guda. Littafin bayani shafi ɗari huɗu ne, don haka ka yi amfani da basira.

Sabulun farko zai fito tsawon hannunka, daga kafaɗa zuwa yatsa. Ka ɗaga shi sama ka ce na gwaji ne. Ka rage lambar. Na biyu zai fito siriri kamar kwabo, sannan na uku, na huɗu, na hamsin, wuƙa tana sauka ta-ta-ta-ta, kwabban sabulu suna tashi sama suna sauka a kan mutane. Wata za ta tare da tire, wani ya shige ƙarƙashin tebur, dariya ta cika wurin. Daidai lokacin surukinka zai fito daga ofis ya ga abin da ake ciki, ya taka guda. Ba zai faɗi ba. Zai dai tafi a tsaye, hannaye a buɗe, tun daga ƙofar ofis har tarin kwalaye, da saurin da bai yi ba tun yana saurayi. Kowa ya haɗiye dariyarsa, wasu har da hawaye.

"Mai Fanka," zai ce daga cikin kwalaye, "gobe Asabar."

Bayan ya koma, Inna za ta zaro wani tsohon sabulu daga aljihun atamfar da take ɗaurawa a gabanta lokacin aiki, ya bushe ya tsage, ta ce na ranar da aka fara kunna injin ne. Ta ɗora shi a gefen bel.

"Kai danna, ni in duba. Ƙara. Ƙara. Ya yi yawa, rage kaɗan. Tsaya nan! Yanzu saura kukan nan da yake yi in zai tsaya, ba haka muryarsa take ba."

A shafi na ɗari biyu da goma sha huɗu za ka gano akwai maɓallin da in ka danna, dirayib yana auna nauyin injin ya daidaita kansa. Ka danna. Kukan zai ɗauke. Inna ta saurara, ido a rufe, ta ce, "Yawwa, ga shi nan ya dawo." In matarka ta kira ta tambayi yadda ake ciki, ka ce kai kaɗai ka san irin wahalar da ka sha.

Mataki na 10: Rufe ƙofa, karɓi sunanka, ka gudu

Asabar da hantsi filogi ya iso. Ka sauya, ka tura ƙofa, ta rufu ƙas, ka murɗa makulli. Motar masu saye tana bakin ƙofa. Matarka ta zo, wai wucewa take yi, da sabon mayafi. Inna ta danna koren maɓalli. Sabulu ya fara fita ɗaya bayan ɗaya, kowanne kamar an haife su rana guda.

Surukinka zai ɗauki guda, ya juya shi, ya auna da na Inna, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, ku saurara. Injiniya ya yi aiki. Injiniya, sannu!"

Wayyo daɗi! Za ka ji kamar an ɗaga ka an ajiye a kan rufi. Ma'aikata na tafi, matarka na share ido da bakin mayafi. Shekara huɗu kake jiran kalmar nan, ga ta ta fito har sau biyu a numfashi guda.

Yanzu ka saurare ni da kyau. Ka ɗauki jakarka, ka ce ana jiran ka a wata masana'antar, ka kama hannun matarka ku fice. Minti arba'in gare ka. Mutumin da aka gwada hanyar nan a kansa bai fita ba. Ya tsaya yana zagaye wurin, yana neman dalilin da zai sa a sake kiran sa. An kira shi sau huɗu, ya ƙirga.

Mataki na 11: Yi shiru

A minti na arba'in da ɗaya injin zai tsaya cak, sandar sabulu a bakin wuƙa. Jan haske ya kama a goshin dirayib, da wata lamba tana ƙiftawa ta gilashin ƙofa. Wurin zai yi tsit, har ka ji direban motar masu saye yana tauna cingam.

Surukinka ba kai zai kalla ba, ai kai injiniya ne. Inna zai juya wa.

"Ba na gaya miki ba? Sabo fil, ko awa guda bai yi ba! Me kike yi wa injin nan ne? Ajiye makullin, Inna. Ya isa haka."

Ba za ta yi musu ba. Za ta fara kwance igiyar atamfarta ta aiki a hankali. Ba za ta ko dube ka ba, kuma wannan ya fi kallon ciwo.

Abin da za ka yi mai sauƙi ne. Ka ce matsalar tok ce daga wajen mai tuƙi, ka buɗe ƙofar fanel kamar kana bincike, iska ta shiga, dirayib ya huce, injin ya tashi, a loda mota. Sunanka ya zauna daram har abada. Baki kawai za ka rufe.

To a nan ne mutumin nan ya ɓata mini tsari. Ya ɗora tafin hannu a ƙofar fanel, ya ji ta zafi rau. Ya kara kunne. Shekara goma sha biyu yana sauraron fankoki a ɗakunan mutane, ya san kukan kowace iri, ya kuma san shirun wadda ta mutu. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba.

"Baba, ba ita ba ce."

"Me ka ce, Injiniya?"

"Fanka ce, Baba. Fankar ƙofar nan ta mutu, zafi ba ya fita. Shi ya kashe na farko, wannan don yana da wayo ne ya tsayar da kansa. Inna ta gaya mini tun wata uku tana kuka. Na ji da kunnena. Na ce mata na bar fanka."

Bai yarda ya kalli inda matarsa take ba. Ya kashe wuta, ya sa kwaɗo, ya zazzage jakarsa a ƙasa. Can ƙarƙashin littafin bayani da sabuwar mita, ga tsohon gwangwaninsa na boris da 'yar kwalbar mai, waɗanda ya yi ta cewa zai zubar bai zubar ba. Ya kwance fankar, ya ɓamɓare matatar iska da sabulu ya toshe kamar an yi mata yaɓe, ya sauya boris, ya ɗiga mai, ya hura, ya mayar. Bai buɗe littafi ba, bai ce tok ba ko sau ɗaya. Duk kwana shidan nan, wannan ne kaɗai aikin da hannunsa ya sani.

Aka kunna. Fanka ta ɗauka, fuuu, takardar da ya kara a bakinta ta manne. Aka rufe ƙofa. Injin ya yi ta yanka har aka cika mota, ƙofar fanel tana sanyi kamar randa.

Sai da motar ta tafi surukin ya yi magana.

"Wata uku?"

"Wata uku, Baba."

"Dirayib guda ka ƙona mini saboda wuyan riga." Ya juya. "Inna, ɗaura atamfarki. Na yi miki ba daidai ba a gaban mutane, ki yafe ni a gaban mutane."

"Ya wuce," in ji Inna, ta zauna a kan bokitinta ta rufe fuska da hannu biyu.

Surukin ya kai ƙofar ofis, ya tsaya, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Mai Fanka!"

"Na'am, Baba."

"Fanel biyar ne a ginin nan, kowanne da fanka. Duk Asabar ka zo ka saurare su. Ungo." Ya wurgo masa zoben makullan da ko 'ya'yan cikinsa bai taɓa ba su ba.

A hanyar gida, da suka kusa kwanar layinsu, matar ta juyo ta dube shi. Sannan ta ce, "Ka ba ni kunya ta minti biyu. In da ka yi shiru, da ta shekara nawa za ka ba ni?"

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ya cika alkawarinsa. Ya ce za a kira ka injiniya, an kuma kira, sau huɗu, biyar in ka haɗa da na cikin tashin hankali. Bai taɓa cewa sunan zai kai la'asar ba. Babu ruwansa da ƙonewar dirayib, ɓacin sabuwar riga, sulɓin suruki, ko duk wani sabulu da ya faɗa wa wani a ka. Wanda ya taɓa fanel bai kashe wuta ya jira ba, shi da Allahnsa. Mai ƙorafi ya same ni a shago kowace rana ban da Asabar, don ranar ina da fankoki biyar da ke jira na. Shagon ba shi da wuyar ganewa. Allon da ke sama yana cewa Mai Fanka, kuma matata ce ta sa aka sake rubuta shi da manyan baƙaƙe.